Matasa sun koma waya, yaya ikilisiya za ta yi magana da su?

Tambaya: Wani dattijon ikilisiya ya aiko da damuwarsa. Ya ce a cocinsu ana karanta sanarwa ranar Lahadi, ana kuma manna ta a allo, amma matasa ba sa ji, in ma sun ji ba sa zuwa. Sun buɗe shafin Facebook, suna watsa sujada kai tsaye, shiru kake ji. Yanzu majalisar dattawa ta rabu biyu: wasu na cewa a hana shiga majami'a da waya, wasu na cewa a sayi kamara mai kyau. Yana tambaya, ina mafita?

Amsa: Baba Dattijo, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Kafin a taɓa kuɗin baiko, akwai abin da nake roƙon ku yi wanda ba zai ci ko sisi ba. Ku kira wanda ke riƙe da shafin cocin, ku sa ya buɗe akwatin saƙo a gabanku, ku duba tare. A aikina na horar da masu sadarwa a ikilisiyoyi daga nan nake farawa, kuma abin da nakan tarar bai cika bambanta ba. Wani ya tambayi ƙarfe nawa ake fara sujada, ba amsa. Wata ta rubuto da tsakar dare tana neman a yi mata addu'a, ba ta faɗi dalili ba, saƙon ya yi makonni ba wanda ya buɗe. Wani saurayi ya jefa tambaya mai ɗan kaushi a ƙarƙashin bidiyon wa'azi, sai aka goge ta. Fuskar shafin kuwa cike take da fostar taron farkaswa, hoton babban baƙo mai wa'azi ya cinye rabin wuri.

Nan ciwon yake. Ikilisiya ta saba magana daga mumbari zuwa benci, mutum ɗaya ya faɗa, jama'a su ce amin. Da muka shiga intanet sai muka ciro allon sanarwa muka kai can muka kafa. Shi kuwa matashi ya tashi a wurin da duk abin da aka faɗa yana iya mayar da martani nan take, kuma da amsar da aka ba shi yake gane ko an ɗauke shi mutum. Wanda ya yi magana aka yi banza da shi ba ya fushi ya faɗa muku. Yakan wuce ne kawai zuwa inda za a kula shi, kuma masu kula shi suna da yawa.

Ga dattawan da ke jin tsoron sabon abu, yana da kyau a tuna musu cewa bangaskiyar nan ba ta taɓa ƙyamar hanyar aika saƙo ba. Da wasiƙa Manzo Bulus ya yi kiwon ikilisiyoyin da ba ya iya zuwa, har ya ce wa Kolosiyawa in sun gama karanta tasu su miƙa wa na Lawudikiya. Martin Luther ya ci moriyar injin ɗab'i, Sabon Alkawarin da ya fassara da Jamusanci ya fito a 1522, kafin shekarar ta ƙare sai da aka sake bugawa. Gidan rediyon Vatican ya fara aiki a 1931, kuma Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro rediyo, da kansa ya kafa shi. Sai dai zan yi wa masu tsoron adalci, domin tsoronsu yana da tushe. Littafi da rediyo da talabijin duk mumbari ne da aka ƙara wa tsawo, mai sauraro ba ya katse ka. Kafafen sada zumunta sun fi kama da abin da Bulus ya yi a Atina cikin Ayyukan Manzanni sura 17, inda yake zuwa kasuwa kowace rana yana muhawara da duk wanda ya tarar. A can wasu sun kira shi mai surutu, wasu sun yi masa ba'a, wasu sun ce za su sake ji, kaɗan ne suka ba da gaskiya. Ikilisiyar da za ta shiga wannan fage ta shirya wa duk huɗun.

Sai batun Facebook ɗin da kuka buɗe. Mai yiwuwa kun je neman matasa a gidan da suka tashi. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta gano cewa a 2014 zuwa 2015 kashi 71 cikin 100 na 'yan shekara 13 zuwa 17 suna amfani da Facebook, amma zuwa 2022 saura kashi 32. A 2022 ɗin kashi 95 suna kan YouTube, kashi 67 kuma suna TikTok. Lissafin Amurka ne, kada ku ɗora shi a kan ikilisiyarku kai tsaye, akwai ƙasashe da yawa da Facebook ke da ƙarfi har yanzu. Darasin dai shi ne matasa suna ƙaura, kuma ba sa sallama. Ku zauna da zumuntar matasa, ba don wa'azi ba, ku tambaye su wace manhaja suke fara buɗewa da safe, wane mai wa'azi suke kallo, me ya sa. Ku daure ku ji amsar ba tare da gyara ba. Za ku ji sunayen da ba ku taɓa ji ba, kuma waɗannan mutanen suna koyar da 'ya'yanku kwana shida cikin bakwai.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba game da yadda waɗannan manhajoji ke aiki. Mutum dubu su bi shafinku ba ya nufin mutum dubu za su ga abin da kuka sa. Kwamfutar kamfanin ce ke zaɓar abin da kowa zai gani, tana duba abin da ke tsayar da shi, da abin da yake kallo har ƙarshe, da abin da yake turawa ga wasu. A Janairun 2018 Facebook ya bayyana fili cewa zai fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka sa a kan na shafukan ƙungiyoyi da kamfanoni. TikTok ma ya wuce nan, yawancin abin da yake nuna wa mutum daga waɗanda bai taɓa bi ba ne. Wannan yana nufin abu biyu. Fostar da sakatare ya sa a shafin coci kaɗan ne za su gani, amma in 'yar ƙungiyar mawaƙa ta sa ta a sitatus ɗinta na WhatsApp, ƙawayenta za su gani kafin awa 24 ta cika ya ɓace, kuma gayyatar ƙawa ta fi ta shafi nauyi nesa ba kusa ba. Na biyu, ƙaramar ikilisiya da ba ta da mabiya tana iya kai wa ga baƙi da gajeren bidiyo ɗaya in ya taɓa abin da ke damun mutane.

Don haka nakan ba da shawara a riƙe ƙofa biyu kawai da farko: ɗaya ta 'yan gida, ɗaya ta baƙi. Ta 'yan gida a wurare da yawa WhatsApp ce, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Kun san zauren coci yadda yake. Da asuba hotunan furanni da barka da safiya sun fara sauka. Wani ya turo dogon saƙo mai cewa duk wanda bai tura wa mutum goma ba albarka za ta wuce shi. Wata ta sa maganin da ke warkar da kowace cuta. Amin, amin, amin sun biyo baya kamar talatin. A tsakiyar wannan tarin ne sanarwar canjin lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki take kwance. Matashi ba zai fita daga zauren ba, don kada a ce ya raina manya, sai ya kashe ƙarar zauren ya manta da shi. Ku kuma kuna ganin sunansa a ciki kuna zaton yana ji.

Gyaran ba shi da wuya. A raba zauren sanarwa da zauren hira. A na sanarwa a saita shi yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu, kuma kada su wuce saƙo biyu ko uku a mako. Kowace sanarwa ta faɗi mene ne, yaushe, a ina, wa za a tuntuɓa, shi ke nan. A rubuta ta da haruffa ko da an haɗa da hoto, domin rubutun da ke cikin hoto ba ya fitowa in mutum ya zo nema daga baya. Hira kuma a mayar da ita ƙananan zaure, na mutum goma ko goma sha biyar masu shugaba ɗaya da ya san kowa da suna. A babban zaure ba wanda zai ce ya faɗi jarrabawa ko an sallame shi daga aiki. A ƙarami yana iya faɗa.

Watsa sujada kai tsaye kuwa kada ku daina, amma ku san wa kuke yi wa. A 2020 da annobar korona ta rufe majami'u kusan ko'ina, kowa ya koyi kafa waya a bayan coci, abin kuma ya zauna. Hidima ce mai kyau ga marasa lafiya, da tsofaffi, da masu aikin dare, da 'yan ikilisiyar da suka yi nisa. Amma da wuya saurayin da bai zo coci ba ya zauna awa biyu yana ƙona data don kallon sanarwa da karɓar baiko daga nesa. In ma za a gyara wani abu a nan, sauti za a gyara. Mutum yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da muryar fasto tana amsa kuwwa daga lasifika, ga ƙarar fanka, ga kukan jariri kusa da wayar. Igiya guda da za ta ɗauko sauti daga na'urar haɗa sauti zuwa wayar, ko ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a riga, sun fi kamara mai tsada amfani sau da yawa. Ku kuma lura da waƙoƙin da kuke kunnawa, YouTube da Facebook suna da na'urar gano waƙar da ke da haƙƙin mallaka, suna iya kashe sautin ko su toshe bidiyon.

Ƙofar baƙi ita ce gajeren bidiyo, kuma a nan zan ɗan tsaya. Abin da aka saba yi shi ne a yanko minti ɗaya daga wa'azin Lahadi, galibi wurin da fasto ya ɗaga murya jama'a suka yi tafi. Wannan yana jawo masu kallo, amma ina da ja a kansa. Wa'azin minti arba'in yana da kai da ƙafa, in aka ciro jimla ɗaya tana iya faɗin abin da mai wa'azin bai nufa ba, kuma magana zarar bunu ce. Mafi muni, na ga masu wa'azi sun fara shirya wa'azinsu don a sami abin yanka, sai mumbari ya koma wurin neman tafi. Abin da ya fi, a ganina, shi ne fasto ya zauna a natse, shi da waya, ya ɗauki tambaya ɗaya ya amsa cikin minti ɗaya ko biyu. Ya fara da tambayar a daƙiƙar farko, ba da gaisuwa da jerin muƙamai ba, domin kafin ya gama gaisuwa yatsa ya wuce. A sa rubutu a ƙasan bidiyon, mutane da yawa ba sa kunna sauti a cikin mota ko a wurin aiki.

Tambayoyin kuma su zama na gaske. Me ya sa na yi addu'a mahaifiyata ta rasu? Ina kuɗin zakka ke tafiya? Cacar ƙwallo zunubi ce? Na kasa daina kallon batsa, yaya zan yi? Zan iya auren wanda ba addininmu ɗaya ba? In na ji ba na son rayuwa, rashin bangaskiya ne? Matasa suna rubuta waɗannan a waya kowane dare, kuma suna samun amsa, daga mai gaskiya da maƙaryaci duka. Ku buɗe hanyar aiko da tambaya ba tare da suna ba, ko akwati ne a bakin ƙofa, ko fom na intanet. In an yi tambayar da ta fi ƙarfin fasto, ya ce zai bincika ya dawo, kuma ya dawo ɗin. Matasan yau sun ƙware wajen gane mai cika baki, suna iya duba duk abin da aka faɗa a mumbari kafin a rufe da addu'a. Kuskuren tarihi ko labarin ƙarya da mai wa'azi ya ɗauko daga WhatsApp yana zubar masa da girma fiye da yadda yake zato.

Wa zai yi duk wannan aiki? Matasan da kansu, kuma a ba su shi da gaske. YouVersion, manhajar Littafi Mai Tsarki da ke wayoyin mutane da yawa, ikilisiya ɗaya ce a Amurka mai suna Life.Church ta fitar da ita a 2008, zuwa 2021 an sauke ta sau miliyan 500. Carlo Acutis, yaron Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, da kwamfutarsa ya yi hidimarsa, ya tattara labaran mu'ujizan jibin Ubangiji a shafin intanet, kuma Cocin Katolika ta sa shi cikin tsarkaka a Satumban 2025. A benci na baya a cocinku akwai yarinyar da ta iya tace bidiyo fiye da duk majalisar dattawa. Amma in kun ce kowane rubutu sai ya jira zaman majalisa na ƙarshen wata, kun kashe aikin tun bai tashi ba. Ku rubuta ƙa'ida a shafi ɗaya: abin da za su iya sawa da kansu, abin da sai fasto ya gani, da abin da ba a sawa sam, kamar goyon bayan ɗan takara ko zagin wani addini ko wata ɗarika. Cocin Ingila ta fitar da irin wannan ƙa'ida a 2019, kuma ginshiƙanta gaskiya ce da kirki da karɓar baƙo. In sun yi kuskure a gyara musu a keɓe, kada a karanta laifinsu a gaban jama'a.

Amsa saƙo kuwa ba aikin yaro ɗaya ba ne. A sami mutum uku ko huɗu masu hankali, maza da mata, su riƙa karɓa-karɓa, da alkawarin cewa ba saƙon da zai kwana biyu ba amsa. A koya musu iyakarsu. In saƙo ya nuna mutum na tunanin kashe kansa, ko ana cin zarafinsa, ba a tsayawa a "Allah ya kawo sauƙi", nan take za a sanar da fasto a kuma haɗa shi da likita ko hukumar da ta dace. Takardar da sashen sadarwa na Vatican ya fitar a 2023 kan kafafen sada zumunta ta ginu ne a kan misalin Basamariye mai kirki, tana tambayar wane ne maƙwabcina a intanet. A misalin, Firist da Balawe ma sun ga mutumin da 'yan fashi suka raunata, wucewa suka yi.

Tsaro ma yana buƙatar magana, domin ikilisiyoyi da yawa sun sha wuya a nan. Shafi mallakar ikilisiya ne, a buɗe shi da adireshin imel na ikilisiya, masu kula su zama aƙalla biyu, lambar sirri kuma tana rubuce a wurin sakatare. Yaro ɗaya ya buɗe da lambar wayarsa, ya tafi makaranta ko ya yi fushi, shi ke nan shafin ya tafi da shi. 'Yan damfara kuma suna son zauren coci ƙwarai, saboda mutane sun yarda da juna. Sukan kira su ce ana taron addu'a ta intanet, a karanto musu lamba shida da aka turo ta saƙon waya. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗin mutum. Da sun samu sai su shiga da sunansa suna roƙon kuɗin asibiti. A sanar daga mumbari cewa ba wanda zai nemi wannan lamba da sunan coci, fasto ba ya neman kuɗi ta saƙo, kowa kuma ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mutum ke sa wa WhatsApp ɗinsa.

Game da yara dokar ta fi tsauri. Yawancin manhajojin nan shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙanƙanta, Ostareliya ma ta ɗaga zuwa 16 da dokar da ta fara aiki a Disamban 2025. Kada babba, ko fasto ne, ya riƙa hirar sirri da yaro ko yarinya ta waya. A yi a zauren da ke da manya biyu, iyaye kuma su sani. Ba a sa hoton 'yan makarantar Lahadi sai da izinin iyaye. Kamara ta kau da kai daga mai kuka a wurin addu'a, da mai tuba a gaban bagade, da hannun mai saka baiko. Shaidar da mutum ya bayar a gaban 'yan'uwa ba ta zama ta duniya ba sai ya yarda.

Masu cewa a hana waya a majami'a, ban goyi bayansu ba, ko da yake na fahimce su. Littafi Mai Tsarkin matashin a wayar yake, in kun tsayar da mai gadi yana karɓar waya a ƙofa, wanda dama ƙafarsa ɗaya na waje ya sami dalili. Amma roƙo daban yake da doka. Matasan da kansu sun gaji, da yawansu za su gaya muku wayar tana hana su barci tana sa su ƙyashin rayuwar wasu, kuma babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da gargaɗi a kan haka a 2023. In aka ce mu ajiye waya a lokacin addu'a, fasto da dattawa suka fara ajiye nasu, za ku sha mamakin yadda za su karɓa. Manzo Yohanna ya rufe wasiƙarsa ta biyu da cewa yana da abubuwa da yawa da zai rubuta, amma ya fi so ya zo su yi magana fuska da fuska. Zumunci a ƙafa yake, waya ba ta yin baftisma, ba ta zama da mutum a asibiti. Duk hirar da aka fara a akwatin saƙo a yi ƙoƙari ta kai ga wani mutum mai suna da zai ce ina nan a bakin ƙofa ranar Lahadi, zan jira ka.

Kada kuma garin neman matasa a yar da tsofaffi. A Afrilun 2020 Cocin Ingila ta buɗe layin waya na kyauta mai suna Daily Hope, inda wanda ba shi da intanet zai kira ya ji waƙoƙin sujada da addu'a. A ci gaba da karanta sanarwa, a rage mata tsawo dai, a kuma sa wani ya riƙa kiran waɗanda ba sa karatu a waya.

Bayan wata uku majalisa ta zauna ta duba. Kada a kawo mata yawan masu danna alamar so, wannan lambar tana faranta rai amma ba ta faɗin komai. A kawo yawan saƙonnin da suka shigo da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a amsa, da tambayoyin da matasa suka aiko, da mutum nawa suka zo taro suka ce a waya suka ji, da nawa cikin matasa ke da hannu a aikin. Shafin da kuka ga ba ku da mai riƙe shi ku rufe, ko ku bar lokacin sujada da adireshi da lambar ofis kawai a samansa. Baƙon da ya leƙa ya ga sanarwar ƙarshe ta bikin Kirsimetin shekara biyu da suka wuce zai ɗauka cocin ma ta watse.